Kakata Mai Son Durƙuso

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma wannan karon kakata aka kira, wadda ta haifi mahaifiyata, wadda ta ɗauke ni riƙo tun ranar da aka yaye ni. Ta rasu an gama yankan gero ana jiran dawa, a ɗakinta na ƙuryar gidanmu a Ruma. Da tana nan, ita za ta fara tsokanarmu da cewa Kaka ta tafi da kaka, ta bar mu da sussuka.

Mutane sun zo gaisuwa fiye da yadda muka zata. Na Batsari da Wagini sun iso tun ranar farko, na Runka da Safana kuwa sai da suka jira ayari, don ba a bin gefen dajin Rugu mutum ɗaya. Tsakar gida ta cika da mata, tabarmi suka ƙare har aka kwanto zana aka shimfiɗa. Kowa ya yi "ya haƙuri" aka shafa fatiha, sai a koma kan halin mamaciya. Wata ta ce hannunta na da albarka, wata ta tuna daddawarta. Amma duk inda zancen ya zaga, wuri ɗaya yake sauka, kuma matar baffana ce ta faɗe shi a fili, don ita magana ba ta kwana a cikinta.

"Allah Shi jiƙanta, ba don ta rasu ba, mutuniyar kirki ce. Amma son girma kam, sai dai Allah Shi yafe mata. Yaro na wucewa da aike, sai ta tsai da shi, sai gwiwa biyu sun taɓa ƙasa. Ko Sarkin Katsina bai kai tsohuwar nan son durƙuso ba."

Aka yi 'yar dariyar gidan makoki, wadda ake rufewa da gefen zane. Sai ɗana ya ratso tsakar gidan, dariyar ta ɗauke. Matan da suke ɗakin ranar da Kaka ta cika sun ji abin da ta faɗa masa, kuma kafin a kai ta makwancinta maganar ta zaga gari. Suna kallonsa da tausayi, suna kallona ta wutsiyar ido. Wata tsohuwa ce kawai daga Wagini ta kama wuyan hannuna ta matse, ta ce, "Barka, ɗiyata. Barka da arziki." Aka ce tsufa ne ya taɓa ta, in ba haka ba wa ke yin barka a gidan mutuwa. Hankalinta garau yake. Ni da ita ne kawai a wurin muka san abin da take yi wa barka.

Ban tanka wa kowa ba a zaman makoki, don ba wurin gardama ba ne. Amma ba zan bari a binne Kaka sau biyu ba, ɗaya a ƙasa ɗaya a bakin mutane. A zuri'armu akwai ciwon da ke cin 'ya'ya maza. Ya ci kawunaina biyu, ya ci ƙanena, kuma tun ranar da ungozoma ta ce mini "namiji ne" ban ƙara kwanciya ba tare da fargabarsa ba. Durƙuson da ake yi wa Kaka gori a kai, daga wannan ciwon ya samo asali.

Gajeruwa ce ƙwarai. In ta zauna a kan 'yar kujerarta a ƙofar gida da faifan daddawa a gabanta, daga nesa sai ka rantse yarinya aka bar wa jiran talla. Haƙori ko ɗaya babu a bakinta, amma ba ta rabuwa da goro, a magogi take goga shi. In yaro ya zo wucewa ya jefo mata "ina kwana" daga tsaye, to ya jawo wa kansa.

"Kai, ɗan wa? Dawo nan. Haka aka koya maka a gidanku, gaisuwa a tsaye kamar raƙumi? Sauka. Har ƙasa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Yaro ya durƙusa, sai ta ja gaisuwar. Ina gajiya, ina uwarka, ina ubanka, akuyarku mai ciki ta haihu? Ba za ta sallame shi ba sai ya gaji ya zauna daɓas. Sannan ta ce, "To, tashi." A nan ne bakinta ke mutuwa, ba ta ko ƙifta ido sai ya miƙe. Mutane saukar suke gani, ita kuwa tashin take kallo. In ta yi shakka, sai ta cika 'yar ƙwaryarta da ruwa ta miƙa wa yaron, ta ce ya riƙe da hannu biyu ya tashi da ita, in bai zubar ba akwai ƙuliƙuli. Yaran unguwa sun ɗauka wasa ne, har layi suke yi mata.

Ni ta gaya wa inda ta koyi wannan kallon, muna tsince kalwa. Ɗanta na fari an haife shi lafiya ƙalau. Ya ɗan makara wajen tafiya, ba wanda ya damu. Har yaba sha-raɓarsa ake yi, naman nan na bayan ƙwauri, don ya cika ya yi tauri, ana cewa wannan in ya girma sai kokawa. Sai faɗuwa ta yi yawa. Sai tafiyar ta koma irin ta agwagwa, ciki a gaba, yana taka yatsun ƙafa. In ya zauna a ƙasa zai tashi, sai ya kifa ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗaga ƙugu sama, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawan jikinsa kamar mai hawan rumbu. Kafin ya isa riƙe fartanya ya zauna ke nan, kuma bai kai ga gemu ba ciwon ƙirji ya tafi da shi. Ƙanensa ya bi sawunsa, babu inda ya kauce.

A wajenmu duk ciwon da ya kashe wa yaro ƙafa shan inna ake ce masa, wai Inna ce, aljanar nan ta gindin tsamiya, ta shanye shi. Kaka ba ta yarda a zuba su a ƙwarya ɗaya ba. Takan ce shan inna da zazzaɓi yake zuwa, a kwanta lafiya a tashi ƙafa ta mutu ta tsotse, amma daga nan ya tsaya, yaro ya girma da sandarsa har ya yi aure. Wannan kuwa ba zazzaɓi, ba wurin da za a nuna a ce nan ke ciwo, ƙafar ma kamar ta fi ta kowa, kuma ba ya tsayawa. Ita ta raɗa masa suna Mai-sanɗa. Ta kuma lura da abu guda da ta riƙe gam: Mai-sanɗa ba ya iya ɓuya ya wuce famfara. In yaro ya fara zubar da haƙoran nono yana miƙewa tsaf ba dafawa, to ya tsira.

Ina 'yar yarinya mai ɗaukar mata faifan talla ƙanena ya zo gaishe ta wata safiya. Gidan mahaifina danga ce kawai ta raba shi da nata. Ya durƙusa, ta ja gaisuwa, ta ce ya tashi. Ya kifa, ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa. Na ga gogaggen goron da ke tafin hannunta ya zube a kan zanenta. Ba ta yi kuka ba. Ta jawo shi jikinta, ta yi masa magana da muryar wasan kaka da jika.

"Maigidana, daga yau na yafe maka durƙuso. Ina aka taɓa ganin miji na durƙusa wa matatai? Ka riƙa gaishe ni a tsaye. Duk wanda ya ce ka durƙusa mai a garin nan, ka ce ni na yafe maka."

Ya tafi yana yi wa yara gori. Ni kuwa haushi ya cika ni, na ce ta fi son sa, ni kullum gwiwata a ƙasa. Ta ja ni bayan ɗaki, a nan na ga idonta ya kaɗa. Ta ce, "Ba ni son yara su ga shina hawan kansa su maishe shi abin dariya. Kwanakin tsayuwarsa ba su da yawa, a bar shi shi ci su a tsaye." Tun daga ranar na san nauyin wannan kalma a bakinta. Yara kaɗan ta faɗa wa a duk rayuwarta, kuma iyayensu mata kaɗai suka san fassararta. Ɗan tsohuwar nan ta Wagini yana cikinsu.

Rigimarta da mahaifina a kan ƙanena aka yi ta. Shi ya tsaya a kan shan inna ne, ya shirya kai yaron wani ƙauyen Maguzawa a yi wa Inna yanka, daga nan a biya wurin wanzami a yi wa sha-raɓar sakiya da ƙarfe mai wuta, wai mugun jini ne ya taru. Suruki da suruka ba sa haɗa ido, balle cacar baki, don haka ta danga aka yi faɗan. Ni ce 'yar aike, ko da yake kowa na jin kowa.

"Gaya ma kakarki," in ji mahaifina daga can, "ɗa nawa ne."

"Gaya ma mai gidan can," in ji Kaka, tana kallon kaji, "rubutun malam ni da hannuna nake ba yaron, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Akuya kuwa tasa ce, in ya ga dama shi yanka ma tsamiya. Amma wuta ba ta taɓa ƙafar yaron nan. Na bari an yi ma na farina. Da ƙafarsa ya shiga wurin wanzami, a goye aka dawo da shi, kafin gyambon shi warke ƙafa ta manta tafiya."

"Gaya mata kowa ya san shan inna in ya gan shi."

Wannan karon Kaka ba ta ce in gaya wa kowa ba, dangar ta fuskanta.

"To, ya yi gaskiya, shan inna ne. Amma ba Innar tsamiya ba ce. Ta wurin uwa yake bi. Ni na ba 'ya'yana, ɗiyata ta ba nata. In innar da ta sha shi ake nema, ga ni nan zaune."

Na ji taɓaryar mahaifiyata ta tsaya a can cikin gida. Ko ni da nake yarinya na gane abin da Kaka ta yi: ta ɗauki auren 'yarta ta ɗora a tafin hannun suruki, don kawai a bar ƙafar jikanta. Washegari da safe na leƙa ta kafar danga na ga mahaifina durƙushe, babban mutum da gemunsa, ya ce, "Gaya ma kakarki, Allah Ya ba ni yaron, Shi Ya ba shi ciwon. Ita ba ta da abin ba kowa sai daddawa." Kaka ta share hanci da gefen zane ta ce, "Gaya mai shi tashi in gani." Ko shi sai da ta kalli tashinsa ta kafar danga. Ba a yi sakiyar ba, mahaifiyata kuma a ɗakinta ta zauna har ta koma ga Allah.

Maganar uwa ba da ka ta faɗe ta ba. Bayan ta binne 'ya'yanta biyu, duk rani sai ta ɗora daddawa a jaki ta bi ayari, Batsari, Wagini, Runka, har Safana. Kasuwa suna ce kawai. Duk inda ta ji an ce akwai yaron da ya zauna ba tare da zazzaɓi ba, sai ta nemi gidan. Ta duba yaron, ta sa shi ya tashi, ta matsa sha-raɓarsa, sannan ta shiga tambayoyin da ke ba mutane haushi. Ba ruwanta da uba. Uwarsa 'yar ina ce? Tana da 'yan'uwa maza? Da me suka mutu, suna da wane girma? Akwai gidan da aka rako ta da muciya. A Wagini ta bi salsala ta tarar kakar tsohuwar nan da mahaifiyar ita Kaka ciki ɗaya suka fito, aure ne ya raba su. A Runka ta sami gidan da ba mu haɗa komai da su ba, amma kawun yaron haka ya ƙare. Ta ga gida ɗaya, uba ɗaya, amma ɗaki ɗaya kawai ciwon ke shiga. Wani Bafillace da ta zauna a rugarsa ya gaya mata su ma sun san haka a garke, akwai aibun da nagge, wato saniya, yake bi, ba bijimi ba. Ta dawo tana ta maimaita maganar, wai ashe shanu sun riga ta sani.

Abin da ba ta sani ba kuma ba ta ɓoye shi. Ba ta san abin da ya sa yake tsallake 'ya'ya mata ba. Ba ta san abin da ya sa ƙanwar mahaifiyata ta haifi maza duk garau, ita kuwa mahaifiyata ɗa ɗaya tak ta samu ya kama shi ba. In an matsa mata sai ta ce, "Nan sanina ya tsaya. Na bi shi har ƙofar ɗakinsa, ba a buɗe mini ba."

Ba ta taɓa ce wa kowa tana da maganinsa ba. Takan ce, "Ba ni da na kora, na jinkiri gare ni." Kullum da safe sai ta gasa wa ƙanena ƙafa da ruwan ɗumi, ta shafe ta da man kaɗe, ta kama diddigen ta tura tafin ƙafar sama a hankali don kada agara ta ɗaure. Yana ihu, "Kaka za ki karya ni!" tana cewa, "In na karya ka wa zan aura?" Ta koyi ɗaurin karan dawa wurin wani maɗori a Batsari, in zai kwanta ta ɗaure masa ƙafar a miƙe. Da rana ta jingina shi da turmi ya tsaya yana zuba wa masu daka surutu. Ta hana mahaifiyata cusa masa tuwo, ta ce tausayi nauyi gare shi, kuma ƙafar yaron ce za ta ɗauka. Da sanyi ya shigo ta tokare masa baya ya kwana a kishingiɗe, tana bubbuga masa ƙirji in tari ya taso. Da ya zauna gaba ɗaya ba ta bari an tura shi ƙuryar ɗaki ba. Kusa da kujerarta a ƙofar gida ta shimfiɗa masa buzu, da allonsa, da rama yana tufkar igiya, har manoma suka san igiyarsa ba ta tsinkewa.

Wata shekara aka yi kuwwa mahara sun ɓullo daga wajen Maraɗi. Maza na gona, kowa ya nufi dutse da abin da hannunsa ya kai. Ƙanena a lokacin ya fi ta tsawo. Ta durƙusa ta sa na tura shi bayanta, ta ɗaure da zane, ta kama hanya ƙafafunsa na jan ƙasa. Yana kuka yana cewa ta ajiye shi ta tsira. Ta ce, "Rufe mini baki. So kake a ce na gudu na bar miji?" Maharan ba su ma iso Ruma ba. Shekara da shekaru ana ba da labarin goyon nan ana dariya, shi ma yana taya su.

Ya fi kawunansa daɗewa a tsaye, ya kuma rayu har gashin baki ya fara fito masa, sannan wani sanyi ya tafi da shi. Kaka ta ce abin da ta iya ƙwatowa ke nan daga hannun Mai-sanɗa, 'yan damina kaɗan, Allah Ya sa na bayanta su ƙwato fiye. Ana tashi daga makoki ta koma kujerarta tana tsai da 'ya'yan mutane. Raina ya ɓaci, na ce, "Kaka, ba ki gaji ba?" Ta ce, "In na daina kallo, shi zai daina zuwa?"

Da aka zo neman aurena ita ta sa aka gaya wa mijina komai, ya ce ya ji ya gani. Bayan rasuwar mahaifiyata shi ya gina wa Kaka ɗaki a gidanmu. Na yi ta haihuwar mata, sannan Allah Ya kawo namiji. Ranar suna ta karɓe shi ta juya shi, ta ce mini, "Wanga sai ya yi famfara za mu yi magana. Kafin nan kada ki tambaye ni." Ban tambaya ba. Amma tun da ya iya gaisuwa, duk safiyar da ya durƙusa a gabanta ina nan kusa da tsintsiya a hannu, ina share wurin da na riga na share, kunnena na jiran kalmar nan.

Daminar bana kurkunu ya fito masa a ƙafa, ya kwanta har gero ya yi kai. Da ya tashi sai ga shi yana ɗingishi a kan yatsu, yana yawan faɗuwa. Wata safiya na gan shi da idona ya dafa gwiwa zai miƙe. Sai na zauna a bakin murhu. A lokacin Kaka ta kwanta ciwo, kuma yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai inuwa. Na shiga na karya alkawari na tambaye ta. Ta ce, "Kurkunu ma na sa dafa gwiwa. Ki gasa, ki shafa man kaɗe, ki ja agarar, ki bar ma Allah sauran." Haka na riƙa yi duk safiya, hannuna a ƙafar ɗana, fuskar ƙanena a idona. Da aka fara yankan gero haƙoransa na gaba suka zube. Ya riƙa yawo hannu a baki don kada ƙadangare ya ga giɓin ya hana sababbi fitowa.

Ranar da za ta cika, da hantsi, ta sa aka tara mata matan gida da maƙwabta. Ta nemi gafarar kowa, ta kuma bi su ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Na yafe miki duniya da lahira." Har matar baffana, wadda suka fi kowa sa-in-sa, ta samu nata. Sannan ta ce, "Ina ƙaramin maigidan? Shi kawo mini ruwa a ƙwaryata, a cika ta."

Ya shigo da ƙwaryar a hannu biyu ya durƙusa a gefen shimfiɗarta. Ba ta sha ba. Ta laluba fuskarsa ta sa yatsa a bakinsa, ta ji giɓin. Ta gangara ta matsa sha-raɓarsa. Ta ce ya zauna daɓas. Da yake ido ya tafi, sai ta ɗora tafukanta a kan yatsunsa da ke riƙe da ƙwaryar, yadda in ya saki hannu ɗaya za ta ji. Ni ina bakin ƙofa ina kallo.

"Tashi."

Ya miƙe tashi ɗaya. Ƙwaryar ta yi sama ta bar hannuwanta a iska, ko ɗigo bai zubo mata ba. Ta ce ya sake. Ya zauna, ya sake miƙewa. Ta ƙara sa shi, har matan suka fara kallon juna, tsohuwa na bakin kabari tana wahalar da yaro. Matar baffana ta kasa haƙuri ta ce, "Haba Kaka, shi ma ki yafe mai mana, yaro ne."

Ban san inda ta samo ƙarfin muryar ba, amma har na tsakar gida sun ji.

"Wanga? Wanga ban yafe mai ba. Har shi yi furfura ban yafe mai ba."

Ɗakin ya ɗauki salati. Ni na fita da gudu na faɗi bayan rumbu ina kuka, suka biyo ni suna ba ni haƙuri, wai zafin ciwo ne ya sa ta, ba da nufi ta faɗa ba. Ba su san kukan da na riƙe tun ranar sunansa nake saukewa ba. An ce bayan fitata ta karɓi ƙwaryar ta kurɓa. Kafin la'asar ta cika.

Da baƙi suka watse na fito da kujerarta ƙofar gida na zauna, ƙwaryar a cinyata, don 'ya'yana mata suna nan tafe da nasu 'ya'yan, kuma dole wani ya ci gaba da kallo. Ɗana ya zo ya durƙusa a gabana. Tun ranar rasuwar bai ci abincin kirki ba. Ya yi magana ta bayan tafin hannunsa.

"Inna, mi na yi ma Kaka? Ta yafe ma kowa ban da ni."

Na gaya masa yana da kawu da bai taɓa gani ba, mai tufkar igiya, wanda Kaka ta yafe wa durƙuso. Na gaya masa abin da ya sa ta yafe masa, da abin da ya biyo baya. Ya riƙa juya maganar, yana kallon gwiwoyinsa. Na ce, "To, tashi in gani." Ya miƙe tsaf, hannuwansa na lilo.

"Ni ma ban yafe maka ba," na ce.

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya manta da ƙadangare, giɓin duk a waje.

Ya Allah, ga baiwarKa nan ta iso gare Ka. Ta yafe wa duk wanda ya kamata ta yafe wa, Kai ma Ka yafe mata. Ka haskaka makwancinta, Ka mayar mata da idonta. In ta isa, Ka sa 'ya'yanta biyu da ƙanena su hango ta daga nesa su taso su tarye ta, tashi ɗaya, ba tare da sun dafa gwiwa ba.